Wai akwai masu zama a tsibirin Gore, ko gidan bayi ne kawai?

Ɗan Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina koyar da tarihi a wata makaranta a nan Damagaram. Duk shekara in mun zo darasin cinikin bayi, hoto ɗaya nake nuna wa yara: ƙofar nan ta gidan bayi na Gore, a Senegal, mai kallon teku. Jiya wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to yanzu wa ke kwana a garin?" Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah wanda ya taɓa taka wurin ya ba ni labari, in kai wa yaran.

Baban Nana:
Wa alaikumus salam Malam. Yarinyar nan ta yi tambaya mai kyau. Na yi wata uku a Dakar wajen wani horo, kuma sau huɗu na haye Gore. Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar tafiyar kamar minti 20 ce. Jirgin safe in zai koma cike yake da mutanen tsibirin masu zuwa aiki da kasuwa, da yamma su dawo da buhun shinkafa da tukunyar gas.

Garin ƙanƙane ne. Tsawonsa wajen mita 900, faɗinsa bai kai rabin haka ba, mutanensa ba su cika 2,000 ba. Babu mota ko guda. Lunguna ne na rairayi tsakanin gidaje masu jan fenti da ruwan ɗorawa, in ka shiga wasu sai ka tuna lungunan Birni, sai dai iskar can gishiri take ɗauke da shi. Na ga tumaki a ɗaure ƙofar gida, na ga shanya a kan igiya cikin wani tsohon ginin Nasara da rufinsa ya zube, iyali na zaune a gefen da ya rage. Yara kuwa kamar kifaye, jirgi na tsayawa suna faɗawa ruwa.

Abin da ba na mantawa shi ne sallar la'asar a masallacinsu. Ƙarami ne, na dutse, a gindin tudun da suke kira Kastel, dab da ruwa. Muna sujada igiyar ruwa na dukan duwatsu a bayan bango. Ni da na tashi ina jiran ruwan famfo har tsakar dare a garinmu, sai ga ruwa ko'ina amma ba na sha ba. Haka tsibirin ya yi ta fama tun dā, ruwan sha daga gaɓar ƙasa ake kawo shi. Can gaba kaɗan akwai cocin da aka gina a 1830, kuma Musulmi da Kirista suna zaune lafiya, gida na jikin gida.

Ta fannin tarihi, ƴan Portugal ne suka fara isa a 1444, mutanen Holan suka raɗa masa sunan da ya zama Gore, Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ma ta riƙe shi a wasu lokuta. Akwai matan da ake ce wa sinyar, waɗanda suka auri Turawa ƴan kasuwa, suka mallaki gidaje da bayi. Da aka kafa Dakar a 1857 sai fatake suka rinƙa ƙaura can, Gore ya zauna yana kallo. Malam, wannan mu Damagarawa mun san zafinsa, tun da aka ɗauke babban birni daga nan aka kai Yamai a 1926.

Tsohon Malami:
Ɗana, ƙara musu da wannan. Makarantar William Ponty, wadda ta horar da malamai da ma'aikata na duk Afirka ta Yamma ta Faransa, a Gore take daga 1913 har wajen 1937. Marigayi Bubu Hama, marubucin nan na Nijar, can ya yi karatu. Ka ga ke nan lakwal ɗinmu ta Nijar tana da jijiya a wannan ɗan tsibiri. A Gore kuma aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa, a 1914. Ni dai ban cika yaba masa ba, don shi ne ya zagaya a 1918 yana tara wa Faransa sojoji, ƴaƴan talakawa suka je suka mutu a yaƙin da ba nasu ba.

Ƴar Zango:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, kun tuna mana abin da muka manta. Malam, ni roƙona biyu ne. Kada ka ce wa yara miliyoyi sun fita ta ƙofar nan. An gina gidan wajen 1776, kuma masana tarihi sun nuna cewa tashoshi irin su Wida (a Benin ta yanzu) da Luwanda (a Angola) sun fi Gore fitar da bayi nesa ba kusa ba. Ɗakunan ƙasa na gidan sun isa su sa mutum kuka ba sai an ƙara gishiri ba. UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 1978 don tunawa da wannan zalunci.

Na biyu, kada mu tsaya nuna Gore da yatsa mu tsallake gida. A zamanin sarakunan Damagaram an sayar da mutane a nan, ayari ya bi da su ta Agadas har Tarabulus. Kakata ba ta son a ɗauko zancen, amma ta san gidajen.

Ita kuma yarinyar, faɗa mata akwai makarantar kwana ta ƴan mata a Gore, mai sunan Mariama Ba, inda ake kai waɗanda suka fi kowa cin jarrabawa a Senegal. Su ma can suke kwana.

Ɗan Sabon Gari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Nana, in kuna da hoton masallacin nan da na yaran bakin jirgi, ku turo mini kafin Litinin. Zancen ayarin Tarabulus kuwa, da shi zan buɗe darasin.