Neman kalmar Hausa: yagewa ce ko hujewar maƙoshi?

Likitoci suna amfani da kalmomin *iatrogenic perforation* idan suna maganar raunin da ke samun hanyar haɗiyar abinci a lokacin da ake duba majiyyaci ko ake yi masa aiki, musamman sa'ad da aka zura bututu mai kyamara ta baki, ko ake ƙoƙarin buɗa wurin da ya tsuke. Na ga an fassara su da "yagewar maƙogwaro ta kuskuren likita", kuma a ganina kowace gaɓa ta wannan fassara tana buƙatar gyara.

Maƙogwaro ya fi karkata ga numfashi da murya, alhali abin da ake nufi shi ne bututun da ke bayansa, mai tsawon kimanin santimita 25, wanda ya ratsa ƙirji ya sauka cikin tumbi. Maƙoshi ya fi dacewa, ko da yake dole a riƙa tuna wa mai karatu cewa bai tsaya a wuya ba.

Inda na fi tsayawa shi ne zaɓi tsakanin yagewa, fashewa da hujewa. Yagewa tana iya tsayawa a fatar da ke cikin maƙoshin kawai, kamar wadda amai mai ƙarfi ke jawowa, a ga jini amma bangon bai ɓule ba. Fashewa kuwa a bar wa irin wadda likitan Holan Herman Boerhaave ya bayyana a 1724, inda maƙoshi ke ɓarkewa ba tare da wani ƙarfe ya taɓa shi ba. Hujewa ce ke nuna cewa rami ya ratsa bangon gaba ɗaya, har yawu da abinci da iska suna tsiyaya cikin ƙirji, kuma daga nan ne duk alamomin suke fitowa: ciwon ƙirji, zazzaɓi, da iskar da ke taruwa a ƙarƙashin fatar wuya. Ganewar ma neman rami ce, domin ana ba majiyyaci wani ruwa ya haɗiya a ɗauki hoton ƙirji ko hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki yanki-yanki, a ga inda yake yoyo. Sai a hana shi ci da sha, a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a toshe ramin ta ciki da ɗan maƙali ko bututun da zai rufe shi, ko a yi tiyata. Sa'o'i 24 na farko su ne masu muhimmanci.

Batun "kuskure" kuma, asalin kalmar *iatrogenic* Girkanci ne, *iatros*, wato likita, kuma ba ta ɗora laifi a kan kowa ba. Ƙwararre ma yana iya huje maƙoshin da ciwo ya riga ya raunana. Shawarata ita ce a riƙa rubuta "hujewar maƙoshi sanadin aikin asibiti".