Ganuwar Narikala a Tibilisi: me ya rage, kuma ta ina ake hawa?

Malam Sani: 'Yan'uwa, waɗanda suka taka Narikala su taimaka da bayani. Ita ce ganuwar da ke kan dutse a saman tsohon garin Tibilisi, babban birnin ƙasar Jojiya, tana kallon kogin Kura. Tun ƙarni na 4 aka kafa ta, Larabawa suka faɗaɗa ta, daga baya Sarkin Jojiya Dauda Magini ya ƙwace birnin daga hannun Musulmi a 1122. Sunan Narikala kuwa, an ce mutanen Mongol ne suka raɗa mata, ma'anarsa ƙaramar ganuwa.

Hajiya Binta: Malam, a ƙara da cewa yawancin bangon da ido ke gani yau ginin ƙarni na 16 da 17 ne. In ka matsa kusa za ka ga dutse a ƙasa, jan bulo a sama, kowane mai mulki ya ɗora nasa. A 1827 ta yi mummunar rugujewa. Wasu na ɗora laifin kan girgizar ƙasa, wasu kan rumbun albarushin sojojin Rasha da ya fashe. Cocin da ke ciki kada ya ruɗe ku, a 1996 zuwa 1997 aka sake gina shi kan tushen wani na ƙarni na 13.

Ɗan Borno: Hanya biyu ce. Motar igiya mai tafiya a rataye a sama, daga filin Rike, tun 2012 take aiki, mintuna kaɗan ta sauke ka kusa da gunkin Uwar Jojiya, mai takobi a hannu ɗaya da kwanon giya a ɗaya. Ko ka tashi da ƙafa daga dandalin Meidan, gangaren yana da tsayi, duwatsun sun goge sun yi santsi. Ku bar silifa a masauki.

Hajiya Binta: Musamman sashen sama, Ɗan Borno. Wasu wuraren babu shinge, matakalar ta ci, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Bayan ruwan sama kada a hau, kuma a riƙe hannun yara.

Malam Sani: Madalla. Wajen saukowa a bi ta unguwar wankan ruwan farar wuta, Abanotubani. Masallacin Juma'a na jan bulo yana nan ƙasan dutsen, Sunni da Shi'a duk a ciki suke salla.