Kwaɗon Tafkin Oku: can kaɗai yake, ko har Mambila?

Malam Sani: Jama'a, ina da ja kan maganar cewa kwaɗon nan Xenopus longipes ba ya ko'ina a duniya sai Tafkin Oku a Kamaru. Tsaunukan Bamenda da na Mambila ai a jere suke, sanyinsu ɗaya. Me zai hana shi tsallako iyaka?

Hadiza: Malam, ba irin kwaɗon da ke tsalle cikin ciyawa ba ne, rayuwarsa duka a ruwa take. Tafkin kuwa ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, a tudun da ya haura mita 2,200, daji ya kewaye shi. Tun da masana Loumont da Kobel suka bayyana shi a 1991, ba a same shi a wani ruwa ba.

Malam Sani: To, kwaɗin da ake gani a kududdufan tsaunukan nan fa, masu faffaɗan jiki da farce a yatsun ƙafar baya?

Dakta Bala: Kama da wane ba wane ba ne, Malam Sani. Duk dangin Xenopus haka suke a ido, shi ya sa masana ke duba yawan kromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki. Xenopus laevis na da 36, Xenopus amieti da ke zaune a tuddan Kamaru na da 72, shi kuwa na Oku 108 gare shi, kuma ƙarami ne mai manyan ƙafafu. Hoto ba ya raba wannan gardama.

Usman: Dakta, ni ina bayan Malam kaɗan. A 2015 aka bayyana sababbin nau'o'in Xenopus guda 6 daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ke nan binciken bai ƙare ba.

Hadiza: Haka ne, Yaya Usman, amma abin da ke damuna shi ne, IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin masu gab da ƙarewa. Babu kifi a tafkin. Ranar da wani ya zuba kifi a ciki, suka cinye ƙwai da 'ya'yan, shi ke nan. Idan muka yaɗa cewa akwai shi a wani wuri ba da hujja ba, mun sanyaya gwiwar masu tsaron tafkin.

Malam Sani: Na yarda a tsare tafkin kamar babu wani. Amma sai an je ruwayen Mambila da Gashaka an ɗebo samfur an gwada kafin in janye tambayata.