Kafin a sa hannu kan sabbin ƙa'idojin sufuri

A tasha, ƙarƙashin rumfar mai shayi, direbobi da ƴan kabu-kabu sun daɗe suna muhawara kan yadda ma'aikatar sufuri ke fito da ƙa'idoji. Bakinsu ya zo ɗaya: a baje daftarin tun da wuri, a karanta shi da Hausa a rediyo, a ba mutane lokaci. Takardar Faransanci a bangon ofis, mutum nawa take kaiwa? Wani tsohon direban hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ya dage a rubuta kowane kuɗi da tara ƙarara, kada sai a shingen jandarma mutum ya ji labari. A gayyaci sandika, wato ƙungiyar direbobi, amma ba shugabanni kaɗai ba. Shawarar da aka ƙi kuma, a faɗi dalili. Nan ni ma na gyaɗa kai.