Mangwaro ko gwanda zan dasa wa Baba a bayan gida?

Maman Hanifa, Sawaba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce Babanmu ya rage zirga-zirga saboda hawan jini, shi kuma zaman banza na cin ransa. Akwai ɗan fili a bayan gidanmu a nan Kumasi, taku biyar ne tsakanin katanga da ramin bayi. Gidan namu ne, ba haya ba. Sidi 300 gare ni. Mangwaro zan dasa, ko gwanda da gwaba? So yake ya riƙa ban ruwa da safe yana kallon tsuntsaye. Ina so in gama kafin damina ta kankama a Afrilu.

Ɗan Aboabo: Wa alaikumus salam. Kwakwa kawai, Hajiya.

Tsohon Direba: 'Yata, ki fara tambayar mai gida. Ni na dasa mangwaro a gidan haya a Asawase, tun yana kai min gwiwa nake ɗauko masa ruwan alwalata. Na kewaye shi da tsohon gidan sauro saboda awaki. Shekarar da ya fara fure, ina Tamale da lodi, ɗan mai gidan ya sa aka sare shi wai zai ajiye kwantena. Na dawo na tarar da kututture, yara na zaune a kai suna cin wake da shinkafa. Ko a yi min sallama. Ƙarshen watan kuma aka zo neman kuɗin haya na shekara biyu.

Maman Hanifa, Sawaba: Allah ya saka maka, Baba. Amma gidan namu ne.

Tsohon Direba: Nawa ma haka na ɗauke shi.

Malamin Gona: Hajiya, taku biyar kusa da ramin bayi ba wurin mangwaro ba ne, saiwarsa ruwa take bi, za ta fasa miki rami da katanga. Mai aure ma sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya yi 'ya'ya. Gwanda kuwa cikin shekara ake ci. Ki dasa uku ko huɗu, don wani namiji ne, fure kawai yake yi. In sun nuna kansu ki rage. Gwaba ki sa ta a rabin duro, ki huda gindin. Dashen gwaba sidi 25 ne a bakin titi.

Inna Mai Koko: Sidi 25 a ina? Ni 60 na saya makon jiya, har da roƙo. Gwanda kuma wa ke sayen dashenta? Ki sha mai zaƙi, ki shanya 'ya'yan.

Malamin Gona: Inna, ta kan fito daban da uwar. A makarantar koyon noma ta Kwadaso muka karanta wannan.

Inna Mai Koko: Ɗana, gwandar da na dasa kafin a haife ka ba ta je Kwadaso ba, kuma unguwa duk ta sha.

Ɗan Aboabo: Tsuntsaye kuke so? Ku jira jemagun gidan zu na Kejetia su ji ƙamshin gwaba. Baba zai yi baƙi har ya gaji da gaisuwa.

Yaya Nurse: Jemage ba tsuntsu ba ne, kuma abin da ya gatsa kada a ba yara. Maganar tsuntsaye, tasa mara zurfi da ruwa ta fi hatsi jan su, musamman da hunturu. Ni kurciya biyu ke sauka kullum bayan asuba, ɗaya na sha ɗaya na gadi. Sai dai a zubar da ruwan duk kwana biyu, in ya yi mako sauro ne zai ƙyanƙyashe. Gero kuma kaɗan, in ba haka ba ɓeraye za ki tara.

Tsohon Direba: Mangwarona ma kurciya ke kwana a kai.

Inna Mai Koko: Wai duk da wane ruwa? Famfonmu ya fi mako ko tari bai yi ba. Ruwan galan Kufuor, jarkar nan mai ruwan ɗorawa, nake saye in dama koko, sannan a ce in ba tsuntsu wanka?

Ɗan Aboabo: Mu namu yana zuwa ƙarfe biyun dare, ja wur. Amma takardar kuɗi ba ta taɓa makara ba.

Malamin Gona: Madatsun ruwan Barekese da Owabi ne ke shayar da Kumasi, gari kuma ya ninka, mutane sun yi gini har bakin dajin Owabi.

Inna Mai Koko: To su daina kawo takarda mana. Nawa kuke sayen galan a Sawaba yanzu?

Maman Hanifa, Sawaba: Mu rijiya gare mu, Inna. Malam, duron ƙarfe ko na roba?