Shawarwari kan matse bayanai a modem na layin tarho

A zamanin da ake shiga intanet ta layin tarho, an yi muhawara kan hanyar da ta fi dacewa modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya matse bayanai ya tura su. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun fi yarda da tsarin matsewa na V.42bis a kan na MNP5. Dalili kuwa, in fayil ya riga ya matsu, kamar ZIP, MNP5 kan ƙara masa kumburi, shi kuwa V.42bis yana ganewa ya ƙyale shi. Rubutu zalla ne ke matsuwa sosai, shi ya sa, don kwamfuta ta riƙa ba modem bayanai da isasshen sauri, aka ce a saita saurin mashigar kwamfuta (inda ake jona modem) a bit 115,200 a daƙiƙa, a kunna RTS/CTS, a kashe XON/XOFF, waɗanda hanyoyi biyu ne na daidaita kwararar bayanai tsakanin kwamfuta da modem.

Wajen tura fayil, tsarin Zmodem ya yi wa na Xmodem fintinkau: in layi ya yanke, sai Zmodem ya ɗora daga inda ya tsaya. Shiga intanet kuwa, tsarin haɗi na PPP aka fi so a kan na SLIP. A ganina, masu kare SLIP a lokacin sabo ne kawai.