Saurin katin GPU yana faɗuwa da zarar ya ɗau zafi

Salamu alaikum. Katin GPU (katin sarrafa hoto) na kwamfutar da nake buga gem da ita ya hana ni sakat. Da na fara wasa sai ya ɗaga saurinsa da kansa zuwa wajen 1900 MHz, komai lafiya lau. Kafin a jima zafi ya kai digiri 83, saurin ya dinga zamewa har ya koma wajen 1500, hoto ya riƙa tsinkewa, fankoki kuma suna ruri kamar za su tashi sama.

Na hure ƙurar da ta toshe ƙarafunan sanyaya, na sabunta direba (manhajar da ke tafiyar da katin), na buɗe murfin akwatin don iska ta shiga. Digiri biyu kacal ya ragu. Na ƙure gudun fanka da manhajar saita kati ta MSI Afterburner, ƙara ce kawai ta ƙaru.

Abin da ya fi tsaya min a rai: manhajar duba zafi ta HWiNFO tana nuna wurin da ya fi zafi a cikin guntun lantarkin da ke tsakiyar katin ya kai digiri 105, tazarar sama da 20 ke nan da matsakaicin zafin. Katin ya kwana biyu, ba a taɓa kwance shi ba.

Wannan tazarar tana nufin man da ke janye zafi ya bushe sai na canza shi, ko rage masa ƙarfin wuta kaɗai zai tsayar da saurin wuri ɗaya? Na gode.